A rubuta dokokin makarantun sakandare a littafi guda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kaduna da shugabannin makarantun sakandare na Zariya, su tanadi ɗan littafin jagora wanda malami da ɗalibi da iyaye za su riƙa dubawa.

A makarantunmu da yawa doka a baki take. Sai an koro yaro gida saboda aski ko takalmi, sannan uba ya ji wai akwai doka. Kwanan nan maƙwabciyata ta sauke kaskon ƙosai da safe, ta tafi makarantar 'yarta don ta ji dalilin ƙwace wayar yarinyar da ranar da za a mayar. Babu wanda ya nuna mata komai a rubuce.

Littafin ya bayyana lokacin shiga aji, hukuncin makara da fashi, kuɗin PTA, da lokacin rajistar WAEC da NECO. Abin da ya fi damuna shi ne ya faɗi iyakar malami wajen horo, da wanda uba zai kai wa kuka in an cuci ɗansa.

A zauna da iyaye kafin a buga shi, da Hausa da Turanci, har da ajami, domin dattawa da yawa a cikin birni shi suka fi iya karantawa.

Naka,
Wani mahaifi,
Tudun Wada, Zariya.