Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni a rediyo

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Asabar ka kama sunana a gidan rediyo, ka ce me zai sa lauyan da ke kare talaka kyauta ya ƙi karɓar sabuwar shari'a, ko don talaka ba shi da abin saka wa mutum a aljihu? Ka kuma ce ba a samuna a ofis da safe; wannan zancen ba sai na ja shi ba, kotu nake. Maganar kuɗin ce ta yi mini ciwo. Ka bi Zariya daga Sabon Gari har cikin birni, ka kawo mini mutum ɗaya da na taɓa karɓar sisinsa.

Ranka ya daɗe, fayil kake ƙirgawa, alhali awoyi ne ke ƙare mini. Shari'ar fashi guda ɗaya, sai na je gidan yari na zauna da mutumin, na bi shaidunsa har Giwa ko Soba, na karanta masa bayanin da aka rubuta da sunansa cikin Turancin da ba ya ji, na nemi beli, sannan in je kotu a ɗage zaman.

Amurka ma ta daɗe tana wannan kuskuren. A 1973 wani kwamiti ya ce lauya ɗaya zai iya riƙe manyan laifuka 150 a shekara. Raba awa 2,080 na aikin shekara, kowane mutum bai cika samun awa 14 ba. Sai a 2023 cibiyar bincike ta RAND da ƙungiyar lauyoyin ƙasar suka auna aikin da awa, suka ce shari'ar kisan kai na cin kimanin awa 248. Takwas ke nan a shekara, in ba ka taɓa komai ba. A inda nake aiki ba a taɓa tambayata awa nawa shari'a take ci ba, sai dai a ƙaro mini fayil.

Abin da ba ka faɗa wa masu sauraro ba shi ne ɗan ƙanenka na cikin waɗanda na ce su dakata. Na san zafin da kake ji, Allah ya fito da shi. Amma in na karɓi tasa yau, daga lokacin wani zan yanko, wani manomi da ya shekara uku yana jiran shari'a, wanda sau biyu kacal na samu na zauna da shi bana. Ranar Talata za a kira shari'arsa, har yanzu ban ga shaidansa na biyu ba.

Wassalam.