Wa zai sayi tsohuwar tiransimitar gajeren zango?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatanka, na rubuto ne a kan shirinku na daren Asabar da ta gabata, musamman maganar da baƙonku ya yi ta nanatawa cewa a sayar da tsofaffin tiransimitocin gajeren zango, wato na'urorin da ke watsa shirye-shiryen rediyo zuwa nesa, a zuba kuɗin wajen buɗe tashoshin FM. Ra'ayinsa nasa ne, amma lissafin da ya ɗora ra'ayin a kai ba shi da tushe, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai gabatarwa ya bar shi ya yi ta ambaton biliyoyi har shirin ya ƙare, bai tambaye shi ko da sau ɗaya wane ne zai saya ba.

Ranka ya daɗe, na yi kusan shekara 30 a ɗakin tiransimita kafin in yi ritaya, kuma ina tabbatar maka kallon kitse baƙon nan yake yi wa rogo. Masu neman rabuwa da irin waɗannan na'urori sun fi masu neman saya yawa nesa ba kusa ba. Rediyon Kanada ta rufe tasharta ta Sackville a 2012, Jamus ta rufe tashar DW ta Kigali a 2015 bayan shekara 50 tana aiki, Ostireliya ta daina gajeren zango a watan Janairun 2017, tashar Meyerton ta Afirka ta Kudu ma ta yi shiru a 2019. Waɗannan fa wurare ne da ake rubuta awannin aikin kowane bawul (kwalbar da ke ƙara wa murya ƙarfi a cikin tiransimita) a littafi, sito kuma cike yake da kayan gyara. Duk wanda ke son na'urar da aka taɓa amfani da ita, can zai fara dubawa, kamar yadda aka kwashe na'urorin Hörby na Suwidin aka kai Madagaska bayan an rufe tashar a 2010. An saye su ne domin suna aiki har ranar da aka kashe su. To, wa zai tsallake irin waɗannan ya zo ya sayi wadda ta shekara takwas a kashe, rufin ɗakinta yana yoyo?

Tiransimita ba kamar mota ba ce da za a lulluɓe ta da tamfol a ce sai an sami mai saye. Babban bawul ɗin da ke cikinta yana aiki da wuta mai ƙarfin sama da bolt 10,000, kuma da ruwa ake sanyaya shi, ruwan ma sai tatacce irin na batir, domin ruwan rijiya ko na famfo yana ɗaukar wuta, yana kuma barin dauɗa a cikin bututu. Ranar da aka kashe na'urar aka bar ta, daga ranar ta fara mutuwa. Robobin mahaɗar bututu su bushe su tsage, danshin damina ya shiga tiransifoma, ƙurar hunturu ta kwanta a kan tangaran ɗin da ke tare wuta, ɓeraye su ci wayoyi. Hatta sabon bawul da ke cikin akwatinsa ba ya son dogon ajiya, shi ya sa ƙa'idar aiki ta ce a riƙa fito da shi lokaci-lokaci ana ɗora shi ya ɗumama. Da idona na ga bawul da aka saya da kuɗin waje masu yawa, aka kulle shi a sito shekara shida saboda mai riƙe da makulli yana tsoron a ce ya taɓa kayan gwamnati ba da takarda ba. Ranar da aka ɗora shi, bai yi minti biyu ba ya yi tartsatsi a ciki, shi ke nan.

Ba zan ambaci tashar da na yi aiki ba, amma ina nan ranar da aka yi gwanjon tsohuwar na'urarmu mai kilowat 100. An yi ta cewa wasu Turawa za su zo, daga baya aka ce 'yan wata ƙasa maƙwabciya ne, muka share ɗaki muka goge ƙofofin na'urar har suna ƙyalli. Waɗanda suka zo a ƙarshe 'yan gwangwan ne su uku, da sikeli da injin yankan ƙarfe a bayan a-kori-kura. Babbansu, wani dattijo mai fara'a, ya zagaya na'urar sau ɗaya, bai ko kalli mitocin da ke gabanta ba, ya ƙwanƙwasa naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe da makullin motarsa ya saurari ƙarar, sannan ya juyo ya ce da ni, "Injiniya, jan nan kilo nawa zai yi?" Na ce masa wannan abin da yake ƙwanƙwasawa shi ke kai murya har Sudan. Ya yi murmushi ya ce, "Allah sarki. Ai ni nauyi nake saye." Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ke nan. Kuɗin da aka samu a na'urar gaba ɗaya bai kai kuɗin bawul guda sabo ba, kuma daga ciki aka cire ladan masu kwancewa da na motar ɗaga kaya. Man da ke cikin tsofaffin tiransifomomi da kwandensoshi kuwa, wanda a na'urorin wancan zamani sau da yawa yakan ƙunshi gubar PCB da duniya ta yi yarjejeniyar kawar da ita tun 2001, ina kallo aka tsiyaye shi a jarkoki, ban san hannun wanda ya faɗa ba. A ƙasashen da ake bin doka, mai na'urar ne ke biya a kwashe masa wannan man, wato wani lokaci rabuwa da tiransimita ma kashe kuɗi ne.

Ban ce riƙe su abu ne mai sauƙi ba, kuma da baƙonku nan ya tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Tsohuwar na'ura mai kilowat 100 tana jan wutar da ta ninka abin da take fitarwa sau biyu ko fiye, idan kuwa a kan janareto take, duro guda na man dizal ba ya wuce awa uku. Kamfanonin da suka ƙera da yawa daga cikinsu sun rufe ko an haɗe su da wasu, saboda haka wani ƙaramin abu idan ya ƙone sai dai a naɗa shi da hannu. Amma abin da ya kashe na'urorinmu a gabana ƙananan abubuwa ne: matatar iska, famfon ruwa, bel ɗin fanka, kwanon rufi guda biyu. Sau nawa na rubuta takardar neman kuɗin waɗannan, fayil ya tafi bai dawo ba, alhali maganar kwangilar sabuwar na'ura ba ta kwana a kan tebur. Ko tashar Muryar Najeriya da ke Lugbe a Abuja, wadda aka ƙaddamar a 2012 da na'urori uku masu kilowat 250 kowace, yau ta haura shekara goma, kuma irin wannan kulawa ta yau da gobe ita ma take buƙata kamar kowace.

Idan ana so a faɗi gaskiya, abin da ke da tsada a tashar gajeren zango filinta ne. Turakun eriya da wayoyinsu suna cin fili mai faɗin gaske, kuma tashoshin da aka gina a daji shekaru 50 da suka wuce yanzu gari ya cim musu. Duk lokacin da na ji ana ɗokin sayar da "tsofaffin na'urori", nakan tambayi kaina ko na'urar ake so ko fulotan da ke ƙarƙashinta. Wannan tambaya ce ta kamata mai gabatarwarku ya yi.

Sannan FM ɗin da ake yabo, iyakar inda take kaiwa bai wuce inda eriyarta ke hange ba. Makiyayin da ke tsakiyar daji da direban da ke hanyar Agadas, da Bahaushen da ke zaune a zangon Kumasi ko Gadarif, da mita 49 suka san Rediyon Kaduna, tashar da Sardauna ya kafa a 1962, kuma da gajeren zango suka shekara da shekaru suna jin Sashen Hausa na BBC ta tsibirin Ascension. Rediyonsu na batir biyu ne, ba ya neman data, ba ya jiran sabis. Tsohon doki sai mai shi, su ne masu shi, amma babu wanda ya ambace su a shirin na awa guda.

Ina roƙonka, Malam Edita, a sake shirin, a gayyato wanda ya taɓa kwana a ɗakin tiransimita, a kuma gayyato ɗan gwangwan guda daga Panteka ya faɗi farashin kilon jan ƙarfe da bakinsa, a ajiye su kusa da baƙon naku. Kuma tunda na riga na rubuto, don Allah a rage kiɗan da ake sakawa a ƙarƙashin muryar masu magana. Mu da kunnuwanmu suka sha ƙarar fanka shekara da shekaru, rabin maganar ma da ƙyar muke tsintarta.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naka mai sauraro,
Tsohon ma'aikacin ɗakin tiransimita,
Funtuwa.