Baje kolin giyar inabi na Verona da hannayen da ba a gani

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Ina zaune a Italiya, kuma bana Allah ya sa na samu aikin ɗaukar kaya na 'yan kwanaki a Vinitaly, babban baje kolin giyar inabi da ake yi duk shekara a birnin Verona cikin watan Afrilu, tun 1967 ake yinsa. Ni dai ba na sha, ko ɗigo bai taɓa bakina ba, amma idona ya ga abin da nake so masu karatu su sani.

Rumfar da na fi daɗewa a kusa da ita ta mutanen Valpolicella ce, yankin tuddai da ke arewa da Verona. 'Yan kasuwa daga Amurka, Jamus, Chaina sai su ɗaga kofin gilas su juya shi a hankali su shinshina su kurɓa kaɗan, sannan su tofar a bokiti su rubuta wani abu a littafi, wai a haka ake yanke ciniki. Giyar da suka fi rububi a kai ita ce Amarone, da ake yi da inabi irin su Corvina bayan an shanya shi a ɗakunan da iska ke ratsawa wajen wata uku zuwa huɗu har ya yamushe zaƙinsa ya taru.

To a nan ne zuciyata ta sosu wallahi, domin inabin nan da hannu ake tsinkarsa a Satumba da Oktoba, gungu-gungu, a shimfiɗa shi a akwati mara zurfi kar ya danne juna, in ƙwaya ta fashe ruɓewa zai yi. Cikin masu wannan wahala a gonakin Italiya akwai baƙi da yawa, har da 'yan Afirka ta Yamma, wasu kuma suna faɗawa hannun 'yan kamasho da ake kira caporali, masu yankar musu kuɗin mota daga ɗan abin da suka samu. Gwamnati ta tsaurara doka a kansu a 2016, amma har yau ana jin kame. A rumfunan da na zaga na ga hoton gona, hoton kakan mai gona, hoton gangar giya, ban ga na lebura ba.

Don Allah Edita, in kaka ta zo ku nemi 'yan uwanmu da ke gonakin nan ku ji ta bakinsu, da Hausa ma wasu za su ba ku labari.

Naku,
Mai karatu daga Verona, Italiya