Godiya ga shagon gyaran esi da bai kulle ba a makon sabuwar shekarar Sinawa

Zuwa ga maigidan shagon gyaran esi na Seri Kembangan da ma'aikatansa,

Bayan gaisuwa mai yawa. Mu ne Hausawa ɗalibai da iyalanmu da ke haya a kewayen Serdang, kusa da jami'ar UPM a Malesiya.

Gwamnati kwana 2 take ba da hutun sabuwar shekarar Sinawa, amma da yawa daga masu sayar da kayan gyara Sinawa ne, sai su kulle mako guda cur su tafi ganin dangi. Zafi kuwa ba ya tafiya hutu. Da rana yana kai maki 32 zuwa 33, ga laima a iska, gumi ba ya bushewa a jiki, ba kamar a bazarar Kano ba. Fanka iska mai ɗumi kawai take juyawa, takalman fata da manyan riguna a kabad su kama funfuna. Kun kyauta da kuka tsara aiki ta yadda ma'aikatanku Musulmi ke riƙe shago a wannan mako, su kuma a ba su hutu lokacin ƙaramar Sallah.

Godiya ta musamman ga dattijon makanikinku, wanda muke kira Baba. Idan esi yana hura iska babu sanyi, injin waje yana gurnani ya kasa tashi, ba ya saurin cewa gas ya ƙare. Sai ya kashe wuta daga babban makunni, ya buɗe murfin, ya sauke wutar da kafasita, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa injin tashi, ke riƙewa (takan girgiza mutum ko an kashe wuta), sannan ya auna ta. Sau da yawa ita ce ta kumbura. Yakan sa sabuwa mai lamba daidai da tsohuwar, ya miƙa wa mai ɗaki tsohuwar a hannu tare da rasit.

Shi ya fahimtar da mu cewa gas ɗin esi ba ya ƙarewa da aiki kamar fetur. In ya ragu, to akwai yoyo, galibi a mahaɗar bututun jan ƙarfe. Da kumfar sabulu yake lalubo wurin, ya gyara, kafin ya zuba, kuma sai ya duba takardar jikin injin ko gas ɗin R32 ne ko R410A, don ba a gauraya su. Ruwan da ke ɗiga a bango kuma yawanci tiyon fitar da ruwa ne ya toshe da yauƙi, zuƙewa kawai yake so. Ragar gaba a wanke ta duk mako 2, in ji shi, wannan ba sai an kira kowa ba.

Wasu makanikan kuwa, da sun ji harshen baƙo a waya kuɗin ya ninka, a ce “farashin hutu” ne. Su zo su zuba gas a kan yoyo, bayan wata guda ɗaki ya koma gidan jiya, lambarsu ta daina shiga. Masu gidajen haya ma ba su tsira ba: mai haya na kira, su ce a jira bayan biki, alhali da yara a ɗakin. Abin takaici, har cikin namu akwai masu dillancin irin waɗannan makanikai suna karɓar la'ada a kan sababbin zuwa.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara kasuwa.

Naku,
Hausawa mazauna Serdang