Hajiya, in ci gaba da sa masa magani a koko?

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaishe ki da aiki, Allah Ya ƙara lafiya. Daga unguwar Nima a Akra nake rubuto miki, kuma don Allah a sakaya sunana, domin maganar ta cikin gida ce.

Autanmu ne, shekararsa 24. Tun rasuwar Baba yake hannuna, da cinikin wake da shinkafa na biya masa makaranta har ya gama sakandare. Da aiki ya gagara sai ya kama okada, a nan abokai suka koya masa tramol, wai don kada gajiya ta kama shi. Ba irin na asibiti mai lamba 50 ko 100 da hukumar magunguna ta Ghana ta yarda da shi ba, jan nan mai 225 yake jefawa a lemon ƙarin kuzari, ya bi da wiwi. Ban farga ba sai ran da ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga. Daga nan barci ya ƙaurace masa, ya koma magana shi kaɗai, yana cewa maƙwabta sun dasa masa na'ura a cikin fanka.

Muka kai shi asibitin masu taɓin hankali na Pantang, ya yi sati biyar. Ma'aikatan jinyar wurin, Allah Ya saka musu. A kwanakin farko da jikinsa ke neman ƙwayar, ga zufa, ga zawo, ga ciwon ƙashi, na tarar da wani nas zaune a bakin gadonsa yana yanke masa farce yana masa hirar ƙwallo, yaron da makonni ba wanda ya iya matsowa kusa da shi. Da aka sallame mu aka haɗa mu da wata nas mai bin marasa lafiya gida. Ita ta koya mini kada in yi musu da shi kan muryoyin da yake ji, kada kuma in gaskata masa su, in dai ce, "Na ga abin ya tsorata ka." Ta ce in sa ido a kan barcinsa, domin shi ke fara lalacewa kafin ciwon ya dawo.

Wata huɗu muka samu lafiya lau. Sai ya ce ya daina shan ƙwayar dare da asibiti ya ba shi. Tana sa shi nauyin jiki da ƙiba, ba ya iya tashi sallar asuba, kuma samarin layinmu sun laƙaba masa "ɗan Pantang". Na yi lallashi, na yi kuka, ya ƙi.

Hajiya, ga abin da ban gaya wa kowa ba. Yau sati uku ke nan ina murƙushe ƙwayar da bayan cokali, in zuba a kokon da nake dama masa da daddare, in ƙara sukari. Shekaranjiya ya ajiye kofin ya dube ni yana murmushi ya ce, "Yaya, kin gani ko? Na warke ba tare da maganin nan ba." Sai na shige ɗaki don kada ya ga fuskata. Na kasa faɗa wa nas ɗin, don ta taɓa gargaɗina cewa ba kowace ƙwaya ake murƙushewa ba, kuma mai irin wannan ciwo in ya daina yarda da mai jinyarsa an yi babbar asara. Yaron da ya taɓa zargin ana sa masa guba, ran da ya gane, anya zai sake cin abin da ya fito daga hannuna?

Ga kuma Kawu, yayan Mama. Shi a wurinsa sammu ne, ya dage sai an kai yaron wani wuri a bayan gari inda ake ɗaure masu taɓin hankali da mari. Na ga ɗan maƙwabciyarmu da ya dawo daga irin wurin, idon sawunsa duk gyambo. Na san tun 2012 Ghana ke da dokar kare masu wannan lalura, kuma a 2017 hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta hana ɗaure su da sarƙa, amma ta yaya zan kawo wa Kawu zancen doka a gaban Mama? Ni ban ƙi addu'a ba. Limaminmu yana zuwa ya yi masa ruƙiyya, shi da bakinsa ya ce a ci gaba da maganin asibiti. Kawu dai ya ce bayan Juma'a mai zuwa zai zo da mota.

Ki ba ni shawara, Hajiya. In fito in gaya wa yaron gaskiya, ko in fara zuwa wurin nas ɗin ko za a canza masa magani, ko a mayar da shi kan allurar wata-wata da ta taɓa ambata? Kuma wa zan tura wa Kawu wanda zai ji maganarsa ba tare da zumunci ya ɓaci ba? Kwana tara suka rage mini.

'Yarki mai sauraro,
daga Nima, Akra