Wasiƙa daga Tawa zuwa Abijan

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan bida, ya kasuwa? Mu nan bazara ta kankama, zafi na haura digiri 40 tun kafin azahar, kuran kuma sai ya ga dama. Mutanen gida lafiya lau, Inna na gaishe ka.

Zancen yaronka ne ya zaunar da ni rubutu, don ya fi ƙarfin saƙon murya na WhatsApp. Ka ce in ja masa kunne tunda makinsa na lissafi ya faɗo ƙasa da 10 cikin 20, ga BEPC, jarrabawar gama koleji, na tafe. Na kira shi bayan la'asar mun zauna ƙarƙashin dogon yaro. Wallahi yaron nan ba malalaci ba ne. A gajiye yake, kuma a tsorace.

Ka san yadda ƴaƴan ƙauyukan Adar ke zama idan sun shigo koleji a gari. Da asuba zai ɗebo wa gidan mai masaukinsa ruwa, ya ruga lakwal cikinsa wayam. Da dare su haɗu da abokansa gindin fitilar titi, butar shayi kan gawayi, suna hadda har ƙarfe biyu, kowa na tsoron ya riga wani tashi. Na ba shi biro ya warware mini wani lissafi, sai na ga hannunsa na rawa. Ya iya abin sarai, amma ya rubuta ya soke, ya sake rubutawa, yana satar kallon fuskata. Da na matsa masa da tambaya ya ce da zarar ya ga lambar Kodibuwa a waya sai gabansa ya faɗi, don ya san maganarka ta farko ita ce nawa ya ci.

Ban faɗa don in ɓata maka rai ba. Na san zufar da kake yi kafin jika guda ta iso Tawa, shi ma ya sani, kuma nauyin da ke danne shi ke nan.

Likitoci sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 na bukatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Wanda ya kwana hadda kamar mai zuba ruwa ne a kwando. Damuwar ɗalibi kuwa ba kasafai take fitowa a baki ba, a jiki take bayyana: ciwon kai, murɗawar ciki, saurin fushi, ko komai ya ɓace masa a gaban takardar jarrabawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wasu yaran kan kai ga shan tiramol wai don barci ya gudu. Alhamdu lillahi naka bai kai can ba, na tambaye shi ido da ido.

A ajina na turwaziyam, ajin ƙarshe na koleji, na daina karanto maki da ƙarfi gaban kowa, kowane yaro sai in miƙa masa takardarsa a naɗe. Mun ajiye randa bakin ƙofa. Ran Asabar mukan yi tsofaffin tambayoyin BEPC da agogo a gaba, don wanda ya saba da zaman ba ya ruɗewa ranar gaske, kuma kafin a buɗe takarda kowa ya ja numfashi a hankali ya yi bismilla. Ƙungiyar iyaye mata ta lakwal ma ta bi gidaje tana roƙon a sassauta wa ƴan mata daka da wanke-wanke har a gama. Su ne ma suka fi shan wuya, amma wannan zance ne na wata rana.

Ga roƙona gare ka. Idan ka kira shi ranar Juma'a, fara da lafiyarsa da abin da ya ci, ka ba shi labarin Abijan, ka bar zancen maki sai shi ya kawo. Ka gaya masa da bakinka cewa ko an samu ko ba a samu ba, ɗanka ne, kuma ana sake zama. Daga gare ni ya ji, amma naka daban ne. Kuɗin darasin yamma da ka ce za ka ƙaro, a ganina a raba: a saya masa ƙaramar fitilar sola ya yi karatu a gida ya kwanta ƙarfe goma, sauran ya zama na kunu da ƙosai da safe. Ƙwallon yamma da ka hana shi, don Allah ka ɗage masa, yana sa shi barci mai nauyi.

Na yi magana da mai masaukinsa, ya yarda nasa ƙanen ya karɓi ɗiban ruwa har bayan jarrabawa. Idan ciwon kan bai lafa ba nan da mako biyu, ni da kaina zan kai shi likita, in sanar da kai abin da suka ce.

Ka gaida mutanen Tawa da ke can baki ɗaya. Allah ya ba da kasuwa, ya dawo mana da kai lafiya.

Amininka na kullum