Roƙo a sake darasin "da zhaohu"

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan darasin koyon Sinanci da kuka yi bayanin "da zhaohu", wadda furucinta ya yi kusa da "da jawhu", domin a ganina, bayan ma'anarta ta farko wadda ita ce gaisuwa, ma'anarta ta biyu, wato sanar da mutum abu tun da wuri, ta cancanci a tsaya a kanta fiye da yadda aka yi.

Ni ɗan kasuwa ne, ina saro yadi daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin ina kawowa Kantin Kwari. A zuwana na biyu na shiga shagon wani abokin cinikina ba tare da ya san ina gari ba. Na ce masa "ni hao", wato sannu, ya amsa, ya zuba mini shayi a ɗan ƙaramin kofi, sannan ya ce, "Zenme bu xian da ge zhaohu?" Raina ya sosu ƙwarai, domin na ɗauka yana zargina da rashin gaisuwa, alhali kuwa na gaishe shi. Sai da tafinta ya fayyace mini cewa tambaya yake me ya hana in sanar da shi zuwana, da ya tanadar mini samfurin kaya ya kuma aiko a tarye ni. Ashe karamci ne na kusa ɗauka cin fuska.

Abin da ya zaunar mini da kalmar shi ne sallamarmu ta Hausa. Idan muka ce wane ya tafi ba sallama, muna nufin bai gaya wa kowa zai tafi ba, kuma Basine ma haka yake cewa, "bu da zhaohu jiu zou le". Ita "da" asalin ma'anarta bugu ne, shi ya sa "da dianhua" ta zo daidai da buga waya da muke cewa.

Saboda haka ina roƙon ku maimaita darasin da gajeriyar hira mai ɗauke da ma'anonin biyu, kuma a furta karin sautin a hankali: "da" tana sauka ƙasa, "zhao" tana tsayawa sama, "hu" kuma a sake ta da sauƙi. Kunnen da ya saba bambance farin ƙyalle da farin rashin ruwan sama ba zai sha wahalar kama wannan ba, muddin aka maimaita masa sau biyu ko uku.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Kano